Maijidda Tela da Maganar "Ba a Ga Gawa Ba"

In ta idar da sallar asuba ta dama koko, Maijidda ba ta taɓa keken ɗinki sai ta duba wayarta. Bakin ƙofar ɗakinta take zama a nan Batsari, inda sabis ya fi kamawa, ta karanta abin da aka ƙara a shafinta. Shafi ne a intanet na masu karatun littattafan waya da masu kallon fim. Ba labari ake sawa ciki ba, halin labarai ake tarawa. Wani ya rubuta cewa duk wanda ya yi tari a fim ya kusa mutuwa, wata ta zo ta ƙara inda ita ma ta ga haka. Kowa na iya rubutu, amma ƙa'idar Maijidda ɗaya ce: ba mai goge na wani. In ba ka yarda ba, rubuta naka a ƙarƙashi.

Shekara da shekaru tana wannan, ba wanda ya taɓa saya mata data. Ta raba faɗa, ta gyara wa yara rubutu. Wata Lubna ta ƙauyen Darini ta ce a shafin nan karatunta ya nuna. Ran da wani ya rubuta cewa mai kuɗin littafi kullum dogo ne fari, Maijidda ta amsa masa, "Allah sarki Alhaji Lawal namu na kasuwa, ashe shi ya sa ba a taɓa sa shi a littafi ba."

Ɗana na biyu, Musbahu, ɗan acaɓa ne, kuma yana cikin masu yawan rubutu a shafin. Shi ya rubuta cewa a labari, in dai ba a nuna gawa ba, mutum bai mutu ba, zai dawo. Ana nan 'yan bindiga suka tare hanyar Runka, Musbahu na kanta. Aka ce an harbe shi, amma ba a kawo mana shi ba.

Abokansa na shafin suka cika mini gida. Ba izgili suka zo yi ba, tsakaninsu da Allah suka yarda da abin da suke faɗa.

"Inna, daina kuka. An ga gawa ne? Ai shi da kansa ya rubuta. Wata rana sai dai ki ji sallamarsa."

Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Liman ya ce a yi masa salla, na ce a jira. Damina ta wuce, aka yi girbi, wata daminar ta kawo kai. Matarsa Jannat na zaune a ɗaki, ba takaba, ba miji.

Maijidda ta san daga shafinta maganar ta fito, abin ya tsaya mata a rai. Ta yi ta tambaya har ta ji cewa fasinjan da Musbahu ya ɗauka ranar, wani Almustapha, yana raye a Runka, tsoron hanya ya hana shi fitowa. Ta ajiye ɗinkin mutane, ta hau a-kori-kura zuwa Safana, ta hau babur ta bi hanyar nan da maza ke gudu. Ta roƙe shi har ya biyo ta.

Da suka shigo ta durƙusa ta ce, "Inna, ba daɗi na kawo miki ba. Ki saurare shi, in ya so ki tsine mini."

Almustapha ya ce, "A hannuna ya cika, Inna. Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya faɗa. Binne shi ne ban samu yi ba."

Ran nan na yi kukan da ya kamata in yi tun bara. Washegari aka yi masa salla.

Maijidda ba ta goge rubutun Musbahu ba. A ƙarƙashi ta rubuta, "Wannan a labari ne kawai. Mai wannan rubutu ya rasu, a yi masa addu'a." Wasu suka ce ta cika taurin zuciya, suka bar shafin, har yau ba su dawo ba. Ba ta kare kanta ba. Ni dai ta ce mini, "Da tun farko na yi magana, Inna."

Yanzu idonta ya raunana, ta miƙa wa ƙanwarta Yasmin shafin. Ba wanda ya yi mata taro.

Maijidda, ke ce kika tafi inda ba a aike ki ba. Kowa ya kawo mini abin da nake son ji, ke kika kawo mini abin da ya faru. Na gode, 'yar nan. Allah ya ba ki lafiyar ido, ya saka miki.

Ku kuma masu karatu, ku ji daɗin labaranku, ba laifi. Amma in za ku shiga gidan da aka rasa mutum, ku yi irin na Maijidda. Jannat ta fita takaba, ta koma gidansu Safana tana sana'arta. Ni kuwa in na ɗaga hannu bayan salla, yanzu na san abin da zan roƙa wa ɗana. Allah ya jiƙan Musbahu.