Dutsen Ilu a Bakin Teku

Mun tashi da asuba daga Rogo a kan jakuna, ni da kawuna. Muka kwana Karaye, muka shiga Kano, muka hau jirgin ƙasa zuwa Ikko. Kawu bai taɓa shiga jirgi ba, duk tashar da aka tsaya sai ya naɗe buzunsa, wai an iso.

Ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Ɗansa Ilu ya bi fatake kudu, ya koma kamun kifi a wani ƙauye bakin teku, bara aka ce ruwa ya ci shi. Abin da ya hana Kawu sukuni shi ne ko an yi wa yaron sallah, kuma ina aka sa shi.

A ƙauyen, kifi ya fi gero araha, na kobo sai ka ci ka bar saura. Aka kawo mana ƙaguwa, Kawu ya ce shi ba ya cin abin da ke tafiya a karkace. Da ya ga teku kuwa, ya daɗe baki buɗe, ya ce ashe kogin Challawa kwata ce.

Wani mahauci Bakano ya yi mana tafinta, ya kai mu harabar cocin masuntan ƙauyen, inda duwatsu suke jere, kowanne da suna da gicciye. Hankalin Kawu ya tashi, ya ɗauka nan aka binne ɗansa. Tsohon masuncin da ke share wurin ya ce babu kowa a ƙarƙashinsu. Na waɗanda teku bai mayar ba ne, don iyali su sami wurin tsayawa. Ya ja mu gefe, ga wani dutse da sunan Ilu, ba gicciye, ya juya daban da sauran.

"Mun ga inda yake fuskanta in yana sallah," in ji tsohon, "shi ne muka juya masa shi can."

Kawu ya dubi rana, ya dubi dutsen. Alƙibla ce sak. Wallahi sai da na yi hawaye, amma na daɗi. Muka fita kan yashi da Hausawan garin muka yi wa Ilu sallah, masuntan na tsaye gefe, huluna a hannu.

Na dawo da sanin cewa mutunci ba shi da ƙabila. Da muka iso Rogo, mahaifiyar Ilu ba ta ko bari mun sha ruwa ba, ta hau mu da tambaya. Kawu ya yi murmushi ya ce, "Kwantar da hankalinki. Ɗanki a cikin 'yan uwa ya rasu."