Haƙoran da Suka Zube a Barkiya

Mijina mai haƙa rijiyar burtsatse ne, mahaifina kuma kayan injin haƙa yake sayarwa a kasuwar Dutsin-Ma. Da aka ɗaura mana aure mutane suka ce an dace. Ni dai a tsakiya na ƙare, don tun ranar ba su ƙara haɗa ido ba, sai gaisuwar surukai kai a sunkuye.

Ƙasarmu dutse ce. Kan injin da ke fasa shi yana da haƙora na wani ƙarfe mai tauri da suke kira kabaid. Na kirki da takardar kamfani yake zuwa, wadda ta faɗi gwajin da aka yi masa, lambarta daidai da ta jikin kan. Ko a wurin wa mijina ya saya, sai ya zauna ya bi lambar nan kamar mai duba bakin bijimi a kara.

Shekarar da mutanen Barkiya suka kira shi ya haƙa masu rijiya, kan injinsa ya riga ya cinye. Can mahaifiyarsa take, da tsufanta, tana shan ruwan rafi. Ya je shagon Baba, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya karɓo sabon kai a buhu. Babu takarda.

"Malam, ina takardarshi?" na tambaye shi.

"Haba ke kuwa. In dubi Alhaji in ce mi? Ya nuna mani shaida?"

"To bari ni in tambaye shi."

"Kada ki soma. Zai ce ni na aiko ki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ke tsare dillali har sai ya yi gumi, ga shi kunya ta ɗaure masa baki.

Sun yi nisa cikin dutse, ƙasa mai laima ta fara fitowa, mata har sun fara wanke jarkoki, sai haƙoran suka zube, kan ya maƙale a ƙasa. Aka yi duk dabara bai fito ba. Aka rufe ramin da siminti, damina ta tare hanyar, mutanen gari kuma ba su sake kiransa ba.

Da na je wa Baba da faɗa, sai ya ce tsohon amininsa na Kano ne ya aiko da kan, shi ma nauyin tambayarsa ya ji. Ya sayo wani, ya miƙo mani takardar ya ce, "Ki ba shi." Har yau su biyun ba su taɓa tada zancen ba, kuma wannan ya fi komai ci mani rai.

Da salla muka je Barkiya gaisuwa. Inna, mahaifiyar mijina, ta kawo mana ruwan rafi a kwano, ja-ja da shi.

"Ku yi haƙuri," ta ce, "bai gama kwanciya ba."

Mijina ya karɓa da hannu biyu ya shanye duka.