Malam Kailu, Mai Jiran Na Baya Su Ji

Yazid, sakataren ƙungiyar Hausawan unguwar Bromakoté ta Abidjan, kai ka karɓe lasifika daga hannun Malam Kailu, wai yana cinye wa mutane lokaci. Ko sannu da aiki ba ka ce masa ba. To bari a gaya wa jama'a wanda ka zaunar.

Malam Kailu tela ne a kasuwar Treichville, kuma shekara talatin da ɗaya shi ke yi mana sanarwa. Kowace Lahadi zai rufe kekensa, ya hau gbaka, ƙaramar motar haya, zuwa Adjamé, ya tsaya a tsakar gidan da muke taro bayan la'asar. Ba ya buɗe baki sai ya ga mu mata can baya mun gama shimfiɗa tabarmi. Ya faɗi magana ɗaya, ya dakata. Idonsa na kan marigayiya Inna Tabawa, wadda kunnenta ya yi nauyi. Sai ta gyaɗa kai yake wucewa gaba. In takarda ta zo da Faransanci, ya bi ta layi-layi, ya mayar mana da ita Hausar gida. Samari su yi ta tsaki wai Baba zai kai su magariba. Shi kuwa ya ce musu wanda ya riga ya ji ya jira uwarsa ta ji.

Rasuwa kuma tana da nata faɗi. Zai sauke murya, ya ambaci mamaci, da mahaifinsa, da garinsu a Nijar, sannan ya yi shiru har kowa ya gama salati. Ranar da aka aiko ƙanin Sha'ibu, ɗan ƙungiyarmu, ya rasu a Tawa, mun gani da idonmu: ya bar tsakiyar fili, ya durƙusa gaban Sha'ibu, ya gaya masa shi kaɗai kafin ya gaya wa taro.

Yau fa? Wata biyu ke nan da Zalihatu, ɗaya daga cikinmu, ta rasu a unguwar Biafra ta nan Abidjan. Yazid ya karanta sunanta cikin numfashi ɗaya, rabi Faransanci, tsakanin maganar wasan ƙwallo da ta gyaran famfo. Hajara, wadda suka zo Abidjan a mota ɗaya shekara arba'in da suka wuce, tana zaune a wurin, ba ta ji ba. Ran Talatar da ta biyo baya ta dama kunu ta ɗauka za ta duba mara lafiya, ta tarar ana addu'ar uku. Har yau ba ta dawo taro ba.

Kai ne, Malam Kailu, mai magana ba gaggawa. An zaunar da kai, ba ka yi fushi ba. Kana zuwa ka zauna kusa da tabarminmu, kana maimaita mana a hankali abin da aka watsa. Mun gode. Allah ya saka, ya bar maka muryarka. Yaran da ke son riƙe lasifika su je shagonka su koyi inda ake tsayawa.

Ku kuwa dattawan ƙungiya, a gabanku aka yi, kuka yi shiru. Lahadin nan ku mayar wa mutumin nan aikinsa a bainar jama'a. Sannan ku tasa sakatarenku gaba har ƙofar Hajara, ya gaya mata ina yake saurin zuwa ran nan.