Tafintar da Na Yi wa Mu'allimina

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Jidda babu wanda ya kai ni wayo, ina aiki a wata ƙaramar warsha, wato shagon gyara, a unguwar Ammariyya. Gyaran amfilifa muke yi, wato akwatin nan da ake jona wa jita don muryarta ta fito sosai. A takarda wurin na kafilinmu ne, wato ɗan ƙasar da muke zaune muna aiki a ƙarƙashin sunansa, amma kowa a layin ya san warshar ta mu'allimina ce, wani dattijo abokin marigayi mahaifina. A unguwar Mahjar nan Jidda aka haife shi, iyayensa sun zo hajji ba su koma ba. Baba nake ce masa. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a gefensa. Shi ya koya mini riƙe ƙarfen dalma, kuma shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena.

Akwai wani tsohon kamfani a Turai mai ƙera amfilifa. Ba babba ba ne, amma makaɗa suna girmama kayansa ƙwarai. Baba ne kaɗai suka amince wa ya gyara kayansu a yankinmu, tun kafin in san hannun damana. Jidda gari ne mai danshi da iskar gishiri, kuma kayan Turawan ba su saba ba, sai cikinsu ya yi ta tsatsa. Baba ne ya gano yadda ake magance abin. Ba ya jin Turanci, don haka zane yake yi musu a takarda ya aika. Da na zo, ni na riƙa rubuta masa 'yan kalmomi a ƙarƙashin zanen. Turancin nawa na kallon fina-finai ne, amma a layinmu ni ne farfesa.

Wata rana labari ya zo cewa wani ƙaton kamfanin jita ya saye kamfanin nan gaba ɗaya. Baba ya ce, "To, Allah Ya sa sabon mai gidan ya san abin da ya saya." Bayan 'yan watanni suka turo wakili. Za su buɗe babban shago a arewacin gari, da sashen gyara a ciki, suna neman wanda zai shugabanci sashen.

Wakilin saurayi ne, bai fi ni shekaru ba, ya shigo yana share gumi yana duba agogo. Muka ba shi kujera ɗaya tilo mai ƙafafu huɗu lafiyayyu. Baba ya sa sabuwar jallabiya saboda shi. Ni ne tafinta.

Baturen ya tambaya ko Baba zai iya komawa sabon wuri ya riƙe sashen.

Na faɗa wa Baba. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Gaya masa ina nan daram. Ka ce masa da kai za mu je, don kai ne hannuna na dama. Ka kuma ba shi labarin tsatsar nan, ya san ba yau muka fara ba."

Na juya wajen Baturen. Har yau ina iya jin muryata, a natse, ba rawa ba gargada. Na ce masa dattijon ya gode, amma ya ce ya tsufa, idonsa ya raunana, hutu yake so. Na ce ai kusan duk aikin ni nake yi yanzu. Maganar tsatsa kuwa na ba da ita, sai dai na juya ta yadda za a ɗauka dabarata ce.

Ban shirya wannan daga gida ba, wallahi. Amma kuma ba zan ce tsautsayi ne ba. Na daɗe ina ganin kaina a shago mai sanyi, da rigar aiki mai tambari, ana kirana shugaba. Da ƙofar ta buɗe, ban ko waiwaya ba.

Baturen ya miƙe, ya kama hannun Baba da hannu biyu, yana yi masa fatan hutu mai daɗi. Baba yana ta murmushi yana gyaɗa kai.

"Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce sun ji daɗi, za su yi shawara."

"Madalla. Yalla, yi maza ka kawo masa shayi kafin ya tafi."

Da takarda ta iso, ni aka ɗauka, aka kuma janye amincewar da aka yi wa warsha. Na karanta masa ina jiran ya tambaye ni yadda aka yi. Bai tambaya ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Su yara suke so. Gara da ya zama kai, ba bare ba." Ya buɗe aljihun teburinsa ya ɗauko mitar gwaji da ya fi ji da ita, ya miƙo mini. Na karɓa. Ku ji fa, hannu biyu na sa na karɓa, har da godiya.

Warsha ta koma gyaran rediyo da lasifikar masallatai. Ba a yi shekara ba kafili ya rufe ta ya ba masu sayar da waya haya. 'Ya'yan Baba sun sha yawo kafin su daidaita masa iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ya koma zaman gida a Mahjar. Ni kuwa na samu rigar mai tambari, na yi ƙiba, na rage zuwa gaishe shi. Ina ce wa mahaifiyata aiki ne ya yi yawa.

Wajen shekara biyu bayan haka, sai ga baƙo a shago. Wani tsohon Bature ne mai farin gashi, injiniyan tsohon kamfanin, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da sabon mai gida bai sallama ba. An turo shi zagayen rassa. Bai ko kalli kayan da na jera don burge shi ba. Ya buɗe jaka ya fito da wani tsohon fayil, cike da zanen Baba, wasu takardun har sun yi ja. Ya ce saboda mutumin nan suka canza yadda suke ƙera duk kayan da za su kai ƙasashe masu zafi. Ya ce shekara talatin yana son ya gan shi ido da ido.

Na ce gidansa da nisa. Ya ce yana da mota. Na ce ba ya jin daɗin jiki sosai. Ya ce minti goma ya ishe shi. Dabarata ta ƙare.

Bayan la'asar muka isa. Muka tarar da Baba a ƙofar gida kan tabarma, ya rame, yana gyara wa maƙwabciya fanka. Da na gaya masa ko wane ne baƙon, sai ya yunƙura ya tashi, suka rungumi juna kamar 'yan'uwan da suka ɓace. Aka shiga ciki, aka kawo shayi da dabino. Suka baje takardun a kan darduma, wannan ya nuna layi da yatsa, wancan ya yi dariya ya gyaɗa kai. Rabin hirar ma ba su buƙace ni ba. Na fara samun natsuwa.

Sai injiniyan ya ajiye kofi, ya dube ni ya ce, "Tambaye shi. Na ga rahoton da aka rubuta cewa shi da bakinsa ya ce ya gaji, yana son ya huta. Na yi baƙin ciki ƙwarai. Me ya sa ya bar mu a lokacin da muka fi buƙatarsa?"

Su biyun suka zuba mini ido. Ba wanda yake jin harshen ɗan'uwansa sai ni. Ina iya cewa yana yabon shayi, a wuce wurin. Har na buɗe baki da niyyar haka. Ban san abin da ya hana ni ba. Wataƙila fankar nan ce da na gani a hannunsa, mutumin da Turai take koyo a wurinsa. Na sunkuyar da kai na faɗa masa tambayar da Hausa, kalma bayan kalma, ban rage komai ba.

Ina jin yara suna ƙwallo a waje. Baba ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ni kuma ina ƙirga zaren darduma. Na jira ya ce, "Yaushe na faɗi haka?"

Ya yi gyaran murya ya ce, "Gaya masa haka ne. Idona ne ya fara ba ni wahala. Ka ce masa kada ya damu, na bar musu wanda na horar da hannuna, kuma ya iya aiki."

Na ce, "Baba..."

"Gaya masa mana. Baƙo yana jira."

Haka na juya na faɗa wa Baturen da Turanci. Ƙaryar da na ƙirƙira don in ture shi, ita ya ɗauka ya lulluɓe ni da ita, kuma da bakina na isar da ita. Injiniyan ya dafa kafaɗata ya ce lallai na yi sa'ar malami. Ban taɓa son ƙasa ta tsage in shige ba kamar ranar.

Washegari na koma ni kaɗai. Na durƙusa a gabansa, na fara, "Baba, maganar ranar nan a warsha..." Ya ɗaga hannu ya ce, "Halas, ya wuce. Ya yaran? Ƙaramar ta fara tafiya?" Na sake gwadawa bayan mako guda, ya sake kawo wata hira. Na je wajen manaja na faɗi gaskiyar abin da na yi, na roƙa a ɗauki Baba ko da mai ba da shawara ne. Manajan ya ɗaga kafaɗa ya ce tsohon zance ne, amma ya yarda. Na ruga da albishir. Baba ya miƙo hannayensa ya nuna mini. Rawa suke yi. Ya ce, "Da ka zo bara, da wataƙila. Yanzu zaman ya cinye su."

Daga nan duk Juma'a ina wurinsa. In aiki ya gagare ni, sai in ɗora akwatin a mota in kai masa, ya kasa kunne ya ce, "Duba can, ta hagu." Wani lokaci ma aikin bai gagare ni ba, ina kaiwa ne kawai, kuma na tabbata ya sani. Shekara uku muka yi haka kafin Allah Ya karɓi abinsa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa. A wajen jana'iza babban ɗansa ya kamo hannuna ya ce in shiga kabari tare da su, wai Baba ya bar wasiyya cewa ni ma ɗa ne.

Yanzu ni ne dattijon sashen, da furfura a gemu. Mutane suna cewa ina da haƙuri da na ƙasa da ni, ba su san inda na samo shi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da ya zage ni ranar, ko ya kore ni daga gidansa, da tuni na ce na biya na manta. Bai ba ni wannan sauƙin ba. Ya yafe kafin in roƙa, ya kuma hana ni ko ƙarasa jimlar. Na gaya wa 'ya'yansa komai bara, babban ya yi kuka, ya ce tunda mahaifinsu ya rufe, su ma sun rufe.

Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Baba a addu'a. Ni kuwa ku bar ni da kunyata, na ga alama tare za mu tsufa.