Gayya Biyu a Rana Ɗaya

Ni mutum ne mai riƙo. Gara in faɗi wannan tun da fari, kada wani ya ɗauka labarin waliyyi zai karanta. Inna ta yi fama da ni a kan halin nan, malamai biyu ma sun yi, na allo da na boko, duk suka gaji suka bar ni.

An haife ni a wani ƙauye gabas da Gumel, kan hanyar Gagarawa, 'yan shekaru bayan zuwan Turawa. Baba manomi ne, kuma ba a taɓa kiran gayya a garinmu ya ƙi fita ba. Ƙa'idar gayya kowa ya san ta: mai gona ya tsai da rana, matarsa ta dama fura, maza su zo da hauyoyinsu su nome masa gonar a yini ɗaya. Idan kuwa wani ya riga ka tsai da rana, ba ka ɗora taka a kan tasa. Ba alƙali ne ya kafa wannan ba, kunya ce kawai take tsaron ta.

Daminar da ta biyo bayan babbar yunwa, ina da kamar shekara takwas, kurkunu ya kama Baba a ƙafa biyu. Gero ya tsiro da kyau, ciyawa ta biyo shi, mai gona kuwa yana kwance a zaure ana naɗe masa tsutsa a jikin tsinke. Inna ta je wurin sarkin samari, aka tsai da ranar Laraba. Ta shiga rumbu ta fito da damin ƙarshe, wanda muke lallaɓawa ya kai mu kaka. Ta sussuke, ta surfa, ta daka, ta kirɓa. Ta ba Fulani tabarmarta ta aure suka ba ta nono.

Akwai wata a ƙasa tsakanin Baba da sarkin noman garin. Bara waccan sarkin noma ya tuge gambar iyaka ya matsa da ita cikin gonar wata gwauruwa, Baba kuwa ya faɗi abin da ya gani a gaban dagaci. Sai ranar Litinin, saura kwana biyu gayyarmu, makaɗi ya zagaya gari yana shelar cewa sarkin noma yana gayya ranar Laraba, da ganga, da bunsuru biyu. Mutanen da suka shekara suna cin tafasa da dusa, wa zai ce musu su bar nama?

Ranar Laraba ni da Inna muka kai ƙwarya uku gona, muka ajiye a gindin aduwa, kowace da faifanta a kai. Muna jin gangarsu daga yamma. Inna takan buɗe faifai, ta juya furar da ludayi, ta ɗanɗana, ta rufe, ta dubi hanya. Haka ta yi ta yi har rana ta take tsaka. Ko mutum ɗaya bai zo ba, har waɗanda Baba ya nome wa gona da hannunsa. Kafin la'asar furar ta kumbura ta yi tsami. Inna ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi in ɗauki ƙwarya ɗaya, kuma in kula kada in zubar a hanya.

Ciyawa ta cinye gonar. Ƙafar Baba ɗaya ta ruɓe, ya rasu kafin a fara girbi. Na san kwanansa ne ya ƙare, ba na jayayya da wannan, amma a zuciyata sarkin noma na ɗora wa, kuma ban taɓa sauke masa ba. Da kaka ta wuce Inna ta goya ƙanwata, ta riƙe hannuna, muka bi ayarin masu cin rani zuwa Kano.

A Sabon Gari muka sami mafaka. Inna tana yi wa matan ma'aikatan jirgin ƙasa dakau, ni ina kai mata turmi da taɓarya gida gida. Cikin waɗanda take yi wa aiki akwai matar wani malamin makarantar Katolika, mutumin Lakwaja. Bayan wasu shekaru shi ne ya ce a ba shi ni in koyi karatun boko. Inna ta yi kwana uku tana juyayi, sannan ta kafa masa sharaɗi: ba zan shiga coci ba, ba zan ci yankansu ba, kuma ba zan fasa allo ba. Ya yarda, kuma in faɗi gaskiya bai taɓa saɓawa ba.

Makarantar rumfa ce ta zana a gefen cocin. Limaminsu Bature, wanda suke ce wa Fada, ba mu cika ganinsa ba, sai dai ya wuce a kan keke, fuska ja wur don rana. Malam ne ke tare da mu kullum. Gajere ne, Hausarsa a karkace, mu kuwa ba ma raga masa in ya ba da baya.

Ranar Asabar ba a karatu. Kowa ya ɗauki tulu ko tsintsiya, Malam a gaba, mu nufi inda makafi da kutare suke zaune a bayan gari. Mu ɗebo ruwa, mu share, mu gyara dangar da ta faɗi. Shi da kansa yake wanke gyambo, mu muna toshe hanci. A hanya yake mana darasin. Yakan ce abin da ya yi wa mutum yawa haƙƙin wanda ba shi da shi ne, kuma mai ƙarfin da ya danne mara ƙarfi ba sadaka ake nema a wurinsa ba, ya mayar da abin da ya ƙwace. Wannan magana ta yi mini daɗi ƙwarai. Da na kai wa Inna, ta ce ai ba sabon abu ba ne, malamanmu ma haka suke faɗa, masu ji ne ba su da yawa.

Abin da muka ƙi jini shi ne ƙarshen aikin. Mun gaji, yunwa na cin mu, sai Malam ya jera mu ya yi tambayarsa guda ɗaya: “Wa muka bari?” Ba za a tafi ba sai an yi tunani. Kullum kuwa sai an sami wani sarkin surutu ya tuna da wata tsohuwa a bayan kango, mu koma mu cika mata randa muna hararar sa. Har muka mai da tambayar sunan Malam a bayan idonsa.

Wata Asabar na ba shi labarin gayyarmu. So nake ya ce mini ramuwa ita ce adalci. Ya saurara har ƙarshe, ya ce abin da sarkin noma ya yi zalunci ne, bai sassauta kalmar ba. Sannan ya ce kawar da zalunci daban, ɗauke shi daga kan wani a aza wa wani daban. Na ce to, Malam. Na adana rabin maganar na farko, na bar masa na biyun.

Da Turawa suka fara shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa gabas, na sami aiki. Saboda na iya karatu da rubutu aka ba ni helma, wato shugaban lebura, ina saurayi gemu bai gama fitowa ba. Aiki ya iso Gagarawa da damina, kuma rabin samarin da ke ƙarƙashina 'yan ƙauyenmu ne da na kewaye. Ban ɓoye musu ko ni ɗan wane ne ba. A bakinsu na ji cewa sarkin noma yana nan da rai, ya tsufa, ido ya yi rauni. Babban ɗansa ya rasu, ƙaramin ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, shekara guda babu labari, sai matar ƙaramin ce ke riƙe da gidan. Suka ƙara da cewa ciyawa ta rufe masa gona, ya tsai da gayya ranar Lahadi, don ita ce ranar da lebura ke hutawa.

Jin haka sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙirji. Shekara goma sha biyar ina jiran wannan.

Ban sha wahalar neman hujja ba, makaranta ta riga ta ba ni. Akwai wata makauniya a ƙauyen, ba ɗa ba jika, gonarta ta zama daji. Buƙatarta ta gaskiya ce, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Na tura aka sayo mini raguna biyu a kasuwar Maigatari, na ɗauki makaɗi, na sa aka yi shela cewa helma yana gayya a gonar makauniya ranar Lahadi, don Allah da taimakon marasa ƙarfi. Wane lebura ne zai ƙi gayyar helmansa, ga kuma nama?

Wani dattijo, abokin Baba a da, ya tako har Gagarawa ya same ni. Bayan doguwar gaisuwa ya tuna mini cewa ba a ɗora rana a kan rana, ya ce in matsa da tawa zuwa wani mako, makauniya ba za ta ƙi ba. Na ba shi tabarma, na ba shi ruwa, na saurare shi da ladabi. Sannan na ce, “Baba, ranar Larabar nan, a wace gona ka yini?” Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Na ji daɗin shirunsa, har yau in na tuna ina jin daɗinsa.

Ranar Lahadi gari ya fashe zuwa gonar makauniya. Da gangan na tsai da makaɗi a gefen da iska ke kaɗawa zuwa gonar sarkin noma, na ce ya saki hannu. Samari suka yi layi, ƙura ta tashi, kafin azahar an gama, har an kewaye mata bukka da sabuwar danga. Tsohuwa ta lalubo kaina da hannu biyu ta yi ta sa mini albarka, na karɓa ban ji kunyar komai ba. Aka ci nama aka yi nak. Don nishaɗi na miƙe na karkace harshe irin na Malam, na tambayi samarin wa muka bari. Ba su san tushen wasan ba, amma wani ya amsa da cewa sarkin noma, aka tuntsire da dariya.

Na ce bari in je in gani da idona, don abin da na biya raguna ke nan.

Na same shi a tsakiyar gona shi kaɗai, yana karta ƙasa da hauya, rabin saran a kan ciyawa, rabi a kan geron da ba ya gani. A bakin gona, gindin wata tsamiya, surukarsa tana zaune da goyo, ƙwarya huɗu a gabanta. Yarinya ce ƙarama 'yar garin Ɗanzomo, lokacin da aka yi mana abin da aka yi ko tafiya ba ta fara ba. Kafin ta gan ni na ga ta buɗe faifai, ta juya da ludayi, ta ɗanɗana, ta rufe, ta dubi hanya. Da ta hango ni sai ta miƙe da fara'a.

“Sannu da zuwa, Malam. Sauran suna tafe?”

Na yi wa tsohon sallama, ya dogara da hauya ya juyo da kunne wajena.

“Ɗan mai kurkunu ne ko?”

“Ni ne, Baba.”

“Na ji gangarka,” ya ce.

Na yi shekara da shekaru ina tsara jawabin da zan yi masa, amma abin da ya fito gajere ne. Na ce na zo ne in ji ko furar ta yi tsami. Ya koma kan hauyarsa. Yarinyar ba ta gane ba, ta ɗauka ƙishirwa nake ji. Ta cika ludayi ta durƙusa ta miƙo mini, tana ba ni haƙuri cewa ta fara, amma tana shawuwa. Na karɓa na sha, tsaminta ya kama mini haƙora.

Da zan iya cewa na tuɓe riga na ɗauki hauya, da labarin ya fi kyau. Ban ɗauka ba. Na mayar mata da ludayinta na koma wurin nama. Gonar ba ta yi abin kirki ba a shekarar. Na ji an ce yarinyar ta koma gidan iyayenta da rani, jaririn duk ya rame, tsohon kuma ya ƙarasa kwanansa a zauren wani ɗan'uwansa. Shi kam ban taɓa tausaya masa ba, kuma ba zan fara yanzu da furfura ba.

Bayan kaka na je Kano. Na biyo ta layin makaranta ranar Asabar, na hango yara da tuluna, Malam a gabansu ya ƙara gajarta, sai na sake hanya. A gida na tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na zauna na kwashe labari kaf na ba ta, da ragunan, da gangar, da dattijon da ya kasa ɗaga kai. Na zaci za ta yi guɗa. Ta saurara hannunta bai tsaya ba, ba ta tambayi sarkin noma ko sau ɗaya ba.

“Ƙwarya nawa yarinyar ta dama?”

Na ce huɗu.

“Da wane geron?”

Ban taɓa tunanin tambaya ba. Inna ta kaɗe rariya a gefen ƙwarya, ta ɗebo wani garin.

“Ni uku na dama,” ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.