Omu Wilgo da Tsuntsun da Ya Rasa Layi

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Omu Wilgo, wato Kawu Wilgo, mai gyaran keke a bayan babbar kasuwar Paramaribo. Kamar yawancin mazan unguwarmu, shi ma yana kiwon tsuntsun gasa. Ranar Lahadi da safe kowa ya kafa kejinsa a fili, masu irin tsuntsun da ake kira twatwa a layinsu, masu irin da ake kira pikolet a nasu, alƙalai na sauraren wanda zai fi rera waƙa. Wilgo ya yi furfura a filin nan bai taɓa ɗaga kofi ba.

Wata rana wani manomin shinkafa daga Nickerie ya kawo gyara, ya bar masa ɗan tsuntsu kyauta. Da ya girma sai ga baki mai kauri irin na twatwa, ciki kuma ja irin na pikolet. Idan ya buɗe murya, har masu tallan kifi tsayawa suke yi.

Wilgo ya goge keji, ya sa farar riga, ya nufi layin twatwa. Alƙali Soekhoe ya leƙa, ya girgiza kai.

"Omu, dubi cikinsa mana. Ba namu ba ne. Kai shi can."

A layin pikolet ɗin, Paimin, abokinsa tun na ƙuruciya, ya tare shi da dariya. "Da wannan bakin kamar filaya? Je ka tambayi uwarsa waye ubansa, sannan ka dawo!"

"Tsoro kuke ji, matsorata," in ji Wilgo. Amma ba a bar shi ya kafa kejin ba, a ranar da duk Lahadin da ta biyo baya.

Wata malama daga jami'a ta ji labari, ta zo ta ciri gashin tsuntsun ɗaya don bincike. Ta ce masana ma ba su gama gardama a kan wane ne ɗan'uwan wane a dangin nan ba, ya dai yi haƙuri. Ya yi ta haƙuri. Amsar da ta zo daga baya ita ce a ƙara jira.

Ana cikin haka 'yarsa Marlène ta haihu a ƙasar Holan, ta ce iyayenta su koma wurinta gaba ɗaya. Wilgo ya je neman izinin tafiya da tsuntsun. Ma'aikacin ya ce, "Wane iri ne?" Babu sunan irin da za a rubuta a takarda, sai Wilgo ya dawo ba izini.

Ya kai shi gidan Paimin ajiya. Tsuntsun ya kumbura gashi, ya ƙi ci, ya ƙi sha, sai da Paimin ya dawo da shi a guje. Daga nan Wilgo ya hau mota har gonakin Nickerie don ya sake shi, ni na raka shi. Ya buɗe ƙofar keji, muka ja baya. Tsuntsun ya fito, ya hau saman kejin, ya dubi shinkafa iya ganin ido. Shaho ya gifta can nesa, sai tsuntsun ya faɗa cikin kejin ya lafe a kusurwa.

Matarsa Hermien ta gama ɗaure kaya. "Wilgo, jikanka na fari fa."

"Ki yi gaba. Da zarar malamar ta aiko..."

"To, zauna ka aure shi."

Ta tafi. Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi, ya rufe shagon. Uwata ce ke miƙa masa soyayyen rogo da kifi ta kan katanga. Duk lokacin da Marlène ta kira a waya don ya ji gwarancin yaron, da tsuntsun ya ji muryar sai ya ɗauki waƙa, ya cika ɗakin. Nakan jiyo Omu yana toshe kunne ɗaya yana ɗaga murya: "Me ya ce? Marlène, sake sa shi ya faɗa, ban ji ba."