Littattafai bakwai da Yaya Sulemana ya bar mini

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sulemana, wanda mutanen unguwarmu ta Nima ba su daina kira Kyaftin ba har bayan ya koma koyarwa a jami'a. Ni ƙanwarsa ce, kuma wallahi har yau tsoron abin da ya bar mini nake ji.

Aikin leƙen asiri ya yi a sojan ruwa: wa ke shigo da kaya ta teku a ɓoye, wa ke tarbarsu a unguwar Tudu, ɗakin wa ake jibge su. Ya ajiye kaki ya ɗauki alli, amma unguwa ba ta saki jiki da shi ba. Da ya zauna a majalisar shayi, hira ta mutu murus. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ba su san halinsa ba. Duk abin da ba ya so ya kai ofis, da ajami yake rubuta shi, don manyansa ba sa karantawa. Saura kwana kaɗan ya cika, ya damƙa mini littattafai bakwai da ya rubuta ya ce, "Hajara, sunayen maƙwabta ne a ciki. Na rufa musu asiri, ke ma ki rufa."

Ni boko na yi, rubutunsa ya fi ƙarfina. Malamin da zan kai wa a Nima ko Maamobi, wa ya sani ko sunan ubansa zai tarar? Na taɓa hura gawayi zan ƙona su, sai na ga kowane shafi da bisimilla ya fara. Hannuna ya ƙi.

Da Yaya zai ga yau, da hankalinsa ya tashi. Jikokin mutanen nan sun auri juna, wasu su ne manyan unguwa, ga waya a hannun kowa. In aka ɗauki hoton shafi ɗaya, kafin la'asar ya kai har unguwar Alajo, gidaje sun watse.

Ɗalibansa na tuna shi da ilimi, Allah Ya jiƙansa. Ni abin da na gada shirunsa ne, ga shi tsufa ya kama ni. Ranar da na bi shi, liman ne zai buɗe akwatin da na ɓoye su don rabon gado, shi kuwa ajami kamar ruwa yake karanta shi.